Amsa ga Bagobirin da ke son zaga Legas da ƙafa

Wani ƙanenmu ɗan Tibiri ta wajen Maraɗi ne ya turo tambaya, ya ce watansa 7 a Agege wajen kawunsa yana tsaron shago, har yau daga ɗaki sai shago sai masallaci, bai san komai a garin nan ba. Lahadi ce kawai hutunsa. Ya ce a gida shi mutum ne mai son yawo da ƙafa, Maraɗi da Yamai babu lungun da bai shiga ba, amma nan duk wanda ya tambaya sai a ce masa kul, Legas ba a taka ta da ƙafa. Wai gaskiya ne? In kuma ba gaskiya ba ne ta ina zai fara?

Toh ƙanena, da farko dai sannu da zuwa garin abokan wasanka, tunda kai Bagobiri ne ai ka fi mu gata a wajen Yarabawa, in ka haɗu da dattijonsu wanda ya san abun ya ji daga inda ka fito, Gogobiri zai kira ka ya fara tsokanarka, kai ma kada ka raga masa.

Ni na sauka garin nan a 1993 daga Fagge, shekara 4 ina tallan agogo da tabarau a kan katako, bayan nan Allah ya haɗa ni da masu safiyo na zama mai jan tef da riƙe sanda, na yi shekara 16 ina wannan aikin, kaga kenan abincina ma a ƙafa na ci shi. Waɗanda suka ce maka ba a taka Legas ba ƙarya suka yi ba gaba ɗaya, sai dai rabin magana suka faɗa maka. Matsalar ita ce kai kana kallon gari da idon Maraɗi ko Kano, ga fada ga babbar kasuwa ga masallacin Juma'a, unguwanni sun kewaye su, duk inda ka miƙe za ka ɓulla wani wuri. Legas ba haka take ba. Kamar riga ce mai faci, ƙyalle nan ƙyalle can, a tsakaninsu ruwa ne da fadama, aka zo aka ɗinke su da gadoji da manyan titunan ekspres. Cikin ƙyallen kana iya yini kana tafiya lafiya lau, amma ɗinkin nan ba a yi shi don mai ƙafa ba, nan ne ake kaɗe mutum, nan ne ake ƙwace waya. Saboda haka dabarar kawai ita ce ka hau mota ko jirgi ya tsallakar da kai ɗinkin, ka sauka a tasha, ka taka unguwar awa 2 ko 3, ka dawo tashar da ka sani ka koma gida. Wanda ya ce zai fita daga Agege ya taka har Idumota don ya ga gari wallahi hayaƙin tirela kawai zai sha, ba abun da zai gani.

Gadar Third Mainland misali, tsawonta ya kusa kilomita 12, daga Oworonshoki har Adeniji Adele, Babangida ne ya buɗe ta a 1990, babu inuwa babu wajen tsayawa babu mai sayar da ko fiyawata, wannan ka cire ta daga lissafi. Haka ekspres ɗin Apapa zuwa Oshodi inda tankoki da masu kwantena suke, haka doguwar gadar nan ta bayan Berger wajen Kara. In ka ga mota mai kwantena tana hawa gada ko tana shan kwana kada ka tsaya a gefenta ko a ƙarƙashinta, a Ojuelegba an sha ganin kwantena ta faɗo.

Abu na biyu, ka san gabas ɗinka. Wayarka tana da taswira na sani, kuma ka yi amfani da ita, amma fito da waya a tsakiyar Oshodi kana jujjuya ta kamar ka rataya allo ne a wuya an rubuta baƙo, ga caji na ƙarewa, ga kuma wasu layukan da taswira za ta nuna maka a buɗe alhali mutanen layin sun sa get sun kulle. Ka riƙe wannan a ka: teku tana kudu, babban tafkin nan da suke kira lagun yana gabas da Yaba da Ebute Metta da Bariga, layin dogo kuma ya ratsa gari tun daga Agege ya bi Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Ebute Metta har Iddo, shi ne ƙashin bayan wannan ɓangaren. Muddin ka san ko kana gabas da layin dogo ne ko yamma da shi, ba za ka ɓata ɓata mai nisa ba. In rana ta ɓuya a hadari, wanda nan kullum ne, leƙa kowane masallaci ka ga inda liman yake fuskanta, alƙiblar Legas gabas ce mai ɗan karkata arewa, shikenan ka samu kamfas kyauta. Ku na Agege ma kuna da ƙari, jiragen da ke sauka Ikeja a kanku suke wucewa. Amma fa na ce ka san inda layin dogo yake, ban ce ka bi ta kansa ba. Da can jirgi jefi-jefi yake zuwa har mutane suka mayar da layin hanya da kasuwa, yanzu akwai na Ibadan da aka buɗe a 2021 ga kuma jirgin jan layi na gwamnatin jiha da ke zirga-zirga tsakanin Agbado da Oyingbo, mutum ya toshe kunne da iyafis yana tafe a kan ƙarfe, Allah dai ya kiyaye.

Lahadi 2 ko 3 na farko kada ka je ko'ina, Agege ɗin da kake ciki za ka fara sani, don ba ka san ta ba. Ka tashi bayan asuba in gari ya ɗan waye, ka ɗauki gadar sama ta Pen Cinema a matsayin turkenka, an buɗe ta a 2021 kuma duk wanda ka tambaya ya san ta. Yau ka bi Old Abeokuta Road ka nufi Oko-Oba inda babbar mayanka take, ka ga yadda ake sauke shanun da wasunsu ma daga ƙasarku suka taso, wani satin ka bi Iju Road, wani ka zaga ta Markaz, makarantar Shehu Adamu Al-Ilori da ya fara kafawa a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da ita Agege, ka ga yaran Yarabawa suna zuba Larabci kamar a Azhar. Ka shiga Zango ka zauna wajen tsofaffi. Hausawan Agege ba jiya suka zo ba, goro ne ya kawo kakanninsu, lokacin duk wajen nan gonakin goro ne da koko, layin dogo kuma ya haɗe Legas da Kano tun 1912, sai ya zama nan ake ɗaure huhun goro a loda a jirgi a yi Arewa da shi, a sauko da shanu. Za ka haɗu da wanda kakan kakansa a nan aka haife shi, Hausarsa da Yarabancinsa ba ka san wanne ya fi ba. Kowace fita ka tafi ta wata hanya ka dawo ta wata, kuma ka haddace sunan tashoshin mota da kake wucewa, don a garin nan ba a kwatance da sunan layi, da bas-stop ake yi. Ka ce wa mutum sunan titi ya yi ta kallonka, ka ce masa Mangoro ko Cement ko Ile Zik nan take zai nuna maka.

Maganar tambaya kuwa, ga ƙa'idata tun ina talla: ka tambayi wanda yake zaune a kan sana'arsa, kada ka tambayi wanda yake tsaye ba ya komai. Mai shayi, mai gadi, mai gyaran takalmi, mai suya, mai faci, matar da ke gasa masara ko ayaba a bakin titi. Kuma mu Allah ya rufa mana asiri, da wuya ka yi tafiyar minti 10 a ko'ina a Legas ba ka ga ɗan'uwa ba, daga Ajah har Badagry. Cikinsu wanda ya fi kowa sanin lungu shi ne ɗan garuwa da mai yankan farce da mai shushaina, su gida-gida suke bi, sun san get ɗin da ake rufewa da layin da ba ya ɓullewa da gidan da karensa ba a ɗaure yake ba. Mai gadi kuma layinsa kawai ya sani, wani shekararsa 5 a bakin get ɗaya bai san bayan layin ba, amma ba zai ce maka bai sani ba, sai ya nuna maka wani wajen da ƙarfin gwiwa. Don haka ka tambayi mutum 2. In ɗan Legas ya ce maka ba nisa, ka ƙara tambayarsa da ƙafa ko a mota. Ka koyi Yarabanci ko kalma 5 ce, e karo ina kwana kenan, e jo don Allah, e she na gode, elo ni nawa ne, owa kuma shi za ka faɗa da ƙarfi in an zo inda za ka sauka a danfo, ƙaramar bas ɗin haya kenan, in ka yi shiru kwandasta sai ya wuce da kai. Tsohuwar Bayaraba in ka gaishe ta da yarenta ka ɗan rusuna, har yaro za ta haɗa ka da shi ya raka ka. Za a kira ka aboki, za a kira ka mola, wani da raini wani kuma bai san wani sunan ba ne, kada ka tsaya jayayya a titi kan wannan, tafiyarka ka fito.

In ƙafarka ta saba, sai Ebute Metta. Ni a duk Legas babu inda na fi jin daɗin tafiya kamar nan, ƙila don aikin safiyo ya ɓata ni, layukan a miƙe suke sun gitta juna kamar darduma, tun zamanin Gwamna Glover aka yanka su lokacin da ya zaunar da Egbawan da suka baro Abeokuta, ba yadda za a yi ka ɓata. Ka sauka Oyingbo, ka samu Murtala Muhammed Way da Herbert Macaulay Way, su biyun a jere suke tafiya har Yaba, duk abun da ke tsakaninsu da gefensu naka ne. Za ka ga Kano Street, za ka ga Borno Way da Jebba Street, ranar da na fara ganin allon Kano Street ɗin nan sai da na tsaya kamar na ga ɗan gidanmu. Ka leƙa harabar Reluwe, cikinta kamar ba Legas ba, manyan bishiyoyi da tsofaffin gidajen Turawa, akwai wani gida mai bene da ake kira Jaekel House an mayar da shi ɗan gidan tarihi na jirgin ƙasa. Daga Oyingbo in ka gangara kudu kuma Iddo ce, inda jirgin Kano yake ƙarewa a da, nan kakanninmu suke sauka da buhunansu, har yanzu akwai mutanenmu masu wake da hatsi a wajen. Daga Iddo ne gadar Carter ta tsallaka Idumota, ita ce gadar farko da ta haɗa tsibirin Legas, wato Eko, da tudu tun 1901 duk da an sake gina ta daga baya, kuma cikin gadoji 3 da ke shiga Eko ita ce wadda mutane suka saba tsallakawa da ƙafa, da rana dai, cikin jama'a, ba da magariba ba.

Toh yanzu Eko kanta, wato Island, wadda iyayenmu suke ce wa Ikko. Wannan sau 2 za ka je, kuma ka fara da Lahadi. Ranar Lahadi yawancin shagunan Balogun a rufe suke, bankuna a rufe, Broad Street da ranar Litinin ba ka ganin kwalta saboda mutane sai ka ga har iska tana kaɗa leda a tsakiyarta, a ranar ne za ka iya ɗaga kai ka kalli gini ba wanda ya bangaje ka. Sai dai ka tsaya kan manyan tituna, lungun da babu kowa a bar shi. Ka sauka tashar CMS, BRT, wato doguwar bas ɗin nan mai layinta daban a titi, tana zuwa nan, jirgin shuɗin layi da ya fara aiki a 2023 tsakanin Mile 2 da Marina shi ma nan kusa yake ajiye mutane, duka da katin Cowry ake hawa, ka saya ka riƙa zuba masa kuɗi ya fi maka rigimar canji da kwandasta. In ka sauka ruwa yana gefe ɗaya, can tsallake Apapa ce da manyan jiragen ruwa, a ɗaya gefen ga tsohuwar cocin Angalika. Marina da Broad Street a jere suke, ka shiga Broad ka yi yamma har Tinubu Square. Ba sunan shugaban ƙasa ba ne fa, wata hamshaƙiyar 'yar kasuwa ce ta ƙarni na 19, Madam Efunroye Tinubu, na sha cin musu da samari a kan wannan. Daga nan ka kama Nnamdi Azikiwe Street, za ka hango hasumiyoyi 4 na babban masallacin Legas da aka buɗe a 1988, ka shiga ka yi nafila ka huta.

Amma wanda nake so ka nema shi ne masallacin Shitta-Bey a Martins Street, ƙarami ne, shaguna sun matse shi har kana iya wuce shi ba ka lura ba, ni kaina na fi shekara ina wucewa da katakon agogona ban san me nake wucewa ba sai da wani tsoho mai sayar da carbi ya zaunar da ni. A 1894 aka buɗe shi, attajiri Muhammadu Shitta ne ya gina da kuɗinsa, maginin kuma cikin mutanen da suka dawo daga Barazil ne shi ya sa fuskar ginin ba ta yi kama da masallatanmu na Arewa ba ko kaɗan. Ranar buɗewa har Sarkin Musulmin Turkiyya na lokacin ya aiko wakili, wani lauya Bature ɗan Liverpool da ya musulunta, Abdullahi Quilliam, shi ya kawo masa sarautar Bey ɗin da ta manne da sunan, Gwamna Carter mai gadar nan ma yana wajen. Su waɗannan mutanen Barazil ɗin Aguda ake ce musu, bayi ne da jikokin bayi da aka kwashe aka kai Bahia suka samu hanya suka dawo, kuma cikin waɗanda aka kai can har da Hausawa, Musulmin cikinsu ma sun yi babban bore a 1835 cikin azumi. Unguwarsu tana wajen Campos, in ka dawo gabas. Ka riƙa kallon saman tagogi da ƙofofi, za ka ga ado irin na fulawa da aka yi da siminti da baranda ta ƙarfe, shi ne hannunsu. A Kakawa Street akwai Water House, gidan su Da Rocha, sun yi rijiya a gidan suna sayar wa mutanen gari ruwa har ya zama sunan gidan, ni ina tsokanar 'yan garuwa in ce ku je ku gaida gidan kakanku. Ka gansu tun suna nan, don ana ta rushe su, akwai wani shahararre dab da Tinubu Square, Ilojo Bar, yana cikin gine-ginen tarihi na ƙasa amma a 2016 aka wayi gari an baje shi.

Ka ci gaba da bin Broad Street gabas za ka iso Freedom Park, tsohon kurkukun Turawa ne, Herbert Macaulay da Awolowo duk sun kwana a ciki, a 2010 aka mayar da shi wajen shaƙatawa, katangar tana nan. Ana biyan ɗan kuɗin shiga, ka je da rana, da yamma wajen kiɗa ne da shaye-shaye ba zai yi maka ba. Gaba kaɗan sai dandalin Tafawa Balewa, TBS, da gumakan dawaki a bakin ƙofa, da filin sukuwa ne, a nan aka sauke tutar Ingila aka ɗaga ta Najeriya a 1960. Ka tsallaka Onikan gidan tarihi na ƙasa, an kafa shi a 1957, a ciki motar Janar Murtala take, baƙar Marsandi da ramukan harsashi a jikinta yadda aka bar ta ranar 13 ga Fabrairu 1976. Ni Bakano ne, ba zan ɓoye maka ba ranar da na ganta sai da na yi ƙwalla. Ka fara tambaya ko suna buɗewa ranar da za ka je kada ka sha rana a banza.

Ka ƙare a Obalende, nan za ka ci abinci ka hau motar gida. Ita ma Obalende da tarihinmu a cikinta, Glover ɗin nan a 1863 ya tara wasu Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya ba su bindiga, ana ce musu Hausawan Glover, daga su ne sojan Najeriya yake lissafin asalinsa, kuma sojojin Hausawa na cikin waɗanda aka fara zaunarwa a Obalende, Yarabawa suna fassara sunan da cewa sarki ne ya koro ni nan. Duk wannan zagayen in ba ka tsaya ba bai fi awa 2 ba, amma tsayawar ai ita ce tafiyar, ka ba shi daga safe zuwa azahar.

Zuwa na biyu ka roƙi kawu ya ba ka ranar aiki, ka shiga Balogun da Idumota da Oke Arin lokacin da suke a cike, ka ga yadda wajen da ka sani shiru ya koma. A nan ba kai kake tafiya ba jama'a ce take tafiya da kai, waya a aljihun gaba, in ka ji ana ihu a bayanka ɗan dako ne ko mai baro, matsa kawai kada ka waiga. In Alhamis ce kada ka yi sammako, kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe 10 saboda shara. In Juma'a ce ka yi sallah a babban masallaci, sahu har kan titi.

Ikoyi da Victoria Island ba zan ɓata maka lokaci a kansu ba, katanga ce da waya mai lantarki da masu gadi. Awolowo Road daga Onikan zuwa Falomo tana da daɗin bi, gadar Lekki da Ikoyi mai igiyoyin nan da aka buɗe a 2013 ita ma da sassafe masu motsa jiki sun cika ta kuma akwai wajen masu ƙafa, ka je ko sau ɗaya don iska. Bar Beach da muke zuwa kallon teku kyauta a ƙarshen Ahmadu Bello Way babu ita, an cike wajen da yashi ana gina Eko Atlantic. Kuma gaskiya ɗaya mai ɗaci, saurayi Bahaushe yana tafe a hankali yana kallon gidaje a unguwar masu kuɗi, ba a ɗaukarsa mai yawon buɗe ido. Za a tare ka a tambaye ka ina za ka. Ka kasance da amsa a bakinka, sunan tasha ko masallaci ko kasuwar da ke gaba, kada ka ce yawo nake. Kada ka ɗauki hoton bariki ko banki ko get ɗin wani, a kasuwa ma in ka ɗaga waya kana hoto sai ka ga wani ƙato ya taso wai sai ka biya kuɗin ƙasa. Kuma ka riƙa yawo da takardarka, musamman yanzu da Nijar ta fita daga ECOWAS, ku CEDEAO kuke cewa, tun Janairun 2025, katinka na gida da lambar kawu a rubuce a takarda ba a cikin waya kawai ba.

Tsallaka titi, in akwai gadar masu ƙafa ka hau ko da ta yi maka nisa, a Ikorodu Road da Oshodi da Ikeja Along jami'an KAI, masu kula da tsafta da ɗa'a na gwamnatin jiha, suna kama masu tsallakawa ta ƙasa, kuma kamun ma shi ne mai sauƙin. Ka duba hagu da dama ko a titin da hanya ɗaya ce, don danfo da keke da okada ba su san wannan dokar ba, an hana okada a ƙananan hukumomi da dama tun 2022 amma inda suke har kan dakalin masu ƙafa suke hawa. Layin BRT shi ya fi ban tsoro, gwaslo ya tsayar da kowa ka ɗauka hanya ta tsaya, ka ratsa tsakanin motoci ka zira ƙafa a layinta, ita kuma ba gwaslo a gabanta a guje take.

Sai kwata. Ruwan Legas daga Afrilu yake kankama, Yuni da Yuli ya fi ƙarfi, ya ɗan sarara a Agusta ya dawo Satumba da Oktoba, kuma in ya sauka titi da kwata ɗaya suke zama. Wata shekara cikin Yuni muna aiki a wata unguwa, ruwa iya ƙauri, na ga kamar dakali ne na taka, ashe murfin kwalbatin babu, na tafi har ƙirji da littafin awo a hannu, ƙafata ta hagu har yau in sanyi ya zo sai ta tuna min. Tun daga ranar in ruwa ya rufe hanya ko dai in fake in jira, ko in bi sawun wanda ke gabana taku bayan taku, kuma ta tsakiyar titi ba gefe ba. Lokacin da ya fi daɗin tafiya Disamba ne da Janairu, ɗan hunturun da ku za ku yi wa dariya. Zafin nan kuma ba irin naku ba ne mai ƙona fata, gumi ne, ka yi minti 20 riga ta jiƙe, ka sha ruwa tun kafin ka ji ƙishi. Silifas ɗin nan naka ka bar shi a ɗaki ka sayi kambas ko na gwanjo ne a kasuwar Katangowa, ai kusa da ku take, akwai ƙusa da fasasshiyar kwalba a hanya. Kuɗi ka raba biyu, na mota daban a aljihun da ba ka taɓawa. Banɗaki kuwa masallaci ne gatanka, ka lura da su a hanya tun kafin buƙata ta taso.

Abu 2 na gargajiyarsu da ba wasa a ciki. In ka ji an ce ana Eyo a Eko, masu fararen kayan nan da sanduna, ba a shiga wajen da takalmi ko hula, za su doke ka da sandar kuma ba mai ba ka gaskiya, ranar ka zauna a Agege abunka. In kuma aka sanar da Oro a unguwa, irin Ikorodu, mata da baƙi ba sa fita, kai ma baƙo ne. Sannan duk inda kake, la'asar ta same ka a tashar da za ka hau motar gida, kuma a cikin tasha za ka hau ba motar da ta tsaya maka a hanya da mutum 3 a ciki ba, ita ce wan-cans ɗin da kake ji, motar ɓarayi da ke ɗaukar fasinja su yi masa fashi.

Ka fara da Pen Cinema zuwa Oko-Oba wannan Lahadin, ka zo ka ba ni labarin tashoshi nawa ka haddace. Ranar da ka shirya wa Eko kuma ka yi min magana tun Juma'a, in gwiwar nan ta bar ni zan raka ka har ƙofar Shitta-Bey don na san kai kaɗai sai ka wuce shi, amma shayi da ƙwai na Obalende kai za ka biya, kuma ka taho da naira don mai shayin ba ya karɓar sefa.